Haɗa amfilifaya da lasifika a mota: tambayoyin da ake yawan yi a Accra

Waɗannan tambayoyi su ne suke ta dawowa daga bakin masu motoci, direbobin tasi da yaran shagon wayarin a Nima, Mamobi da Sabon Zango. An fara da na sayen kaya, sannan jan waya, sannan saiti da neman laifi. Duk inda aka ce amfi, amfilifaya ake nufi, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, tef kuma shi ne rediyon gaban mota.

An rubuta 50W x 4 a jikin tef ɗina. Me zan yi da amfi kuma?

Wancan 50 ɗin ƙarfin ƙiftawar ido ne. Abin da tef yake iya bayarwa a tsaye ba tare da sauti ya fashe ba yana tsakanin wat 14 zuwa 22 a kowace lasifika. Ga mai sauraron labarai ko karatun Alƙur'ani da gilashi a rufe, wannan ya isa, kada ma ya ɓata kuɗinsa. Amfi yana zama dole idan za a sa wufa, wato babbar lasifikar bas, ko kuma idan an sayi lasifikokin ƙofa masu cin wat 60 zuwa sama, domin tef ba zai iya ciyar da su ba: ana ƙara murya sai ka ji sauti ya tsage.

Ga amfi mai wat 3000 da araha, ga mai wat 500 ya ninka shi tsada. Wanne ne gaskiya?

Lambar da ake dubawa ita ce wadda aka rubuta RMS a gefenta, wato ƙarfin da amfi yake bayarwa a tsaye, tare da om ɗin da aka gwada ta a kai, wato nauyin da lasifika take ɗora wa amfi. Manyan lambobin kwali masu MAX ko PMPO ado ne kawai. Idan ka shiga Zongo Lane ko Abossey Okai mai kaya yana yabon hajarsa, juya amfin ka dubi fiyus ɗin da ke jikinsa, shi ba ya ƙarya. Ninka lambar fiyus da 14, wato bolt ɗin mota idan inji yana aiki. Amfi mai fiyus ɗaya na amfiya 25 ba zai ja fiye da wat 350 daga batir ba, kuma ba duka ke fita a matsayin sauti ba: amfi nau'in AB yana mai da wajen kashi 40 cikin ɗari zafi, saboda haka abin da zai kai lasifika bai wuce wat 200 da ɗan ɗori ba. Nau'in D ya fi tattali, yana fitar da wajen kashi 80, shi ya sa aka fi sa shi a wufa.

Sai ka daidaita shi da lasifikarka: RMS na amfi ya zo kusa da RMS na lasifika a om ɗaya. Ko ya ɗan ɗara babu laifi, muddin an saita maɓallin geyin na jikin amfi yadda aka bayyana a ƙasa.

Wane kaurin waya zan ja daga batir zuwa but?

Fara da lissafin wutar da amfi zai ja. Raba wat na RMS da 13.8, sannan ka raba abin da ya fito da 0.8 idan nau'in D ne, ko 0.6 idan AB ne. Amfi mai wat 500 nau'in D zai ja wajen amfiya 45, ɗan'uwansa AB kuma wajen 60. A mota irin Corolla, wayar da za ta kai but tana cin kusan mita 5, kuma tsawon nan yana rage wuta.

Da geji ake auna kaurin waya. A wannan tsawo, geji 8 yana ɗaukar har wajen amfiya 50, geji 4 har 100 zuwa 125, geji 0 kuma har 250. A lura, ƙaramar lamba ita ce waya mai kauri. Wanda bai samu wayar amfi mai kyau ba ya nemi kebul na masu walda, wanda ake aunawa da milimita: mai 10 yana tsayawa a madadin geji 8, mai 25 a madadin geji 4, mai 50 kuma kusa da geji 0. Yana da laushi, jan ƙarfe ne zalla, kuma sau da yawa ya fi wadda ake sayarwa cikin leda mai ƙyalli. Wayar gida mai sili ɗaya ba ta aikin mota, girgizar hanya tana karya ta. Ga lasifikokin ƙofa geji 16 ya wadatar, wufa kuma 12 ko 14.

Yaya zan gane wayar jan ƙarfe ta gaskiya?

Galibin wayar araha alminiyam ce da aka shafa wa jan ƙarfe a baya. Kankare sili ɗaya da wuƙa: idan cikinsa ya yi fari kamar azurfa, alminiyam ne. Ko ka kara masa wutar laita, sai ka ga ya lanƙwashe ya marmashe, alhali jan ƙarfe yana yin ja ya tsaya. A hannu ma ba ta da nauyi. Wata dabarar masu yin ta ita ce ƙara kaurin roba, saboda haka dubi bakin wayar da aka yanke, kada ka dubi bayanta. Irin wannan waya tana ɗaukar wajen kashi biyu cikin uku na abin da jan ƙarfe zai ɗauka, kuma iskar teku ta Accra tana cin bakinta har ya zama farin gari cikin kan waya. Idan ita kaɗai aljihu ya iya, a hau geji ɗaya sama: inda lissafi ya ce 8, a sa 4.

Amfina yana da fiyus a jikinsa. Dole ne in sa wani kusa da batir?

Dole ne, kuma wannan ba wajen tsimi ba ne. Fiyus na jikin amfi amfin yake karewa. Na kusa da batir kuwa wayar yake karewa, da motar gaba ɗaya. Idan robar waya ta goge a bakin ƙarfe ta taɓa bodi, batir zai tura ɗaruruwan amfiya nan take, wayar ta yi ja a ƙarƙashin kafet, kafin ka tsaya ka buɗe bonet wuta ta kama. A sa shi cikin santimita 45 daga kan batir, in ya fi haka kusa ma ya fi. Girmansa kuma ya bi kaurin waya, kada ya wuce lambobin da aka ba da a amsar geji.

Doguwar fiyus ta gilashi tana yawan ba da matsala: zafi yana sassauta maƙalinta, ka tarar robar gidanta ta narke ta yi ruwan ƙasa alhali zaren ciki bai tsinke ba. Mai faɗi da ake ɗaurewa da noti biyu, wato ANL, ta fi riƙo. Wanda kuma yake naɗa zaren waya ko takardar sigari a gurbin fiyus da ya ƙone, wannan motarsa yake sa wa ashana.

Daga ina ake fara aikin?

Cire kan batir na negatif tukuna, yawanci sufana mai lamba 10 ce. Ja wayar wuta daga ɗakin inji ta cikin robar da ke toshe ramin bangon da ya raba inji da cikin mota. Idan sai an huda sabon rami, a sa masa zoben roba. Bi da ita ƙarƙashin robobin bakin ƙofa ta ɓangaren da batir yake, nesa da salansa, feda da layin kujera. Wayoyin RCA masu kai sauti daga tef zuwa amfi, da ta rimot mai kunna amfi idan an kunna tef, su bi ɗaya ɓangaren motar. Ɗaura amfi a kan katako, sannan ka haɗa bodi, wuta, rimot, RCA, lasifika. Fiyus shi ne na ƙarshen shiga, bayan ka sake bin kowane kan waya da ido ka tabbatar babu silin da ya leƙo ya taɓa maƙwabcinsa.

Duk wayar da ka gani cikin rigar roba rawaya a ƙarƙashin sitiyari ko kujera, ta jakar iska ce. Kada a soke ta da fitilar gwaji.

Ina zan ɗaure wayar bodi?

Rabin matsalolin da ake ɗora wa amfi daga nan suke. Wutar da ta shigo ta jar waya ta wayar bodi take komawa batir, saboda haka kaurinsu ɗaya ne, kuma tsawonta kada ya wuce santimita 45. Nemi ƙarfen ainihin jikin mota mai kauri, ka goge fenti da sanfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli, faɗin kwabon sidi ɗaya. Matse kan waya mai zobe da noti da zoben ƙarfen da ake sa wa a ƙarƙashinsa, sannan ka shafa giris ko fenti a sama saboda tsatsa. Notin bel na kujera da ƙarfen bayan kujera ba wurare ne masu kyau ba, fenti da gam sun raba su da bodi. Kafin ka huda ƙasan but, leƙa ƙarƙashi: tankin mai da bututun birki suna nan.

Motocin da suka yi haɗari aka shigo da su ta Tema aka gyara suna da wata matsala ta daban, domin wani ɓangaren jikinsu fila ce da walda mai rauni. Gwada da mita: amfi yana kiɗa, auna bolt a bakinsa, sannan a kan batir. Idan bambancin ya kai bolt ɗaya, ko bodi ne ko waya ta yi siriri.

Amfi yana aiki da rediyo, amma da na koma USB sai ya mutu. Me ya faru?

An haɗa rimot da wayar eriya. Tef yana da shuɗiyar waya zalla ta eriya, wadda take samun wuta lokacin rediyo kaɗai, da kuma shuɗiya mai farin layi, wadda ita ce ke zuwa wurin da aka rubuta REM a jikin amfi. Sauran launukan tef na kasuwa: rawaya wutar batir ta kullum, ja wutar makulli, baƙa bodi. Fara ta lasifikar gaba hagu ce, toka gaba dama, koriya baya hagu, shunayya baya dama, kuma mai baƙin layi a kowane launi ita ce negatif. Wasu suna yin gada daga wayar wuta zuwa REM don sauƙi. Amfin ba zai ƙara mutuwa ba ko an zare makulli, kuma zai kwana yana shan batir.

Tef ɗin kamfani ne, ba shi da ramin RCA. Sai na canza shi?

Ba lallai ba. Amfi da yawa suna da mashigar da ke karɓar sauti kai tsaye daga wayoyin lasifika. In babu, akwai ƙaramin akwati da ke mai da sautin lasifika na RCA, ana kama shi a wayoyin lasifikar baya. Sai dai tef ɗin motocin Japan irin Vitz da yawa FM ɗinsa yana tsayawa a 90, tashoshinmu kuma suna kaiwa 108, saboda haka mai irin wannan mota gara ya canza tef ɗin ya huta.

Mene ne om, kuma yaya zan haɗa wufa biyu?

Om shi ne nauyin da lasifika take ɗora wa amfi, kuma ƙaramar lamba ita ce nauyi mai yawa. Lasifikokin mota galibi om 4 ne. Idan ka haɗa biyu fozitif da fozitif, negatif da negatif, sun koma om 2. Idan ka jera su kamar sarƙa, negatif na farko ya shiga fozitif na biyu, sun zama om 8. Wufa mai kwayil biyu, wato naɗin waya biyu a cikinta, haka take ita kaɗai: mai 4 da 4 tana ba da 2 ko 8, mai 2 da 2 tana ba da 1 ko 4. Wufa biyu masu kwayil 4 da 4 kuma suna ba da 1 ko 4. Saboda haka tun kafin saye ake duba om ɗin da amfi yake ɗauka, sannan a zaɓi wufar da za ta faɗa a kai.

Inda aka fi ƙona amfi shi ne wajen haɗa canel biyu, wato mafitar sauti biyu na amfi, su zama ɗaya, abin da ake kira birij. A wannan haɗi kowane canel yana ganin rabin om ɗin lasifika, don haka yawancinsu ba sa ɗaukar ƙasa da om 4. Ka sa musu om 2, za su yi kiɗa na ɗan lokaci kafin su ɗau zafi su mutu. Auna da mita kafin ka haɗa. Lasifika mai om 4 takan nuna 3.2 zuwa 3.6, wannan daidai ne.

Geyin ba shi ne maɓallin ƙara murya ba?

A'a, kuma wannan fahimta ta kashe wufa ba adadi. Aikin geyin shi ne daidaita amfi da ƙarfin sautin da tef yake turo masa, wani tef bolt 2 yake fitarwa, wani 4. Idan aka murɗa shi ya wuce kima, amfi yana kaiwa iyakarsa tun murya tana rabi, sai ya riƙa yanke kan sauti. Wannan yankakken sauti zafi yake zama a kwayil. Alamarsa warin ƙonannen fenti daga akwati, tsakiyar wufa ta yi ɗumi, daga baya in ka danna ta da yatsu ka ji tana karce.

Ga saitin da mita. Ninka RMS na amfi da om, ka nemi lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da wannan. Wat 500 a om 2 ya ba da 1000, wato bolt 31.6. Wat 300 a om 4 bolt 34.6 ne, wat 75 a om 4 kuma 17.3. Idan wufar ta fi amfi rauni, da lambarta za ka yi lissafin. Cire wayoyin lasifika, kashe duk wani ƙarin bas a tef da amfi, mai da geyin ƙasa, ka tayar da inji. Sa sautin gwaji na 50 Hz don wufa ko 1000 Hz don ƙofofi, ka kai muryar tef kashi uku cikin huɗu. Sa mita a AC a bakin fitar lasifika, ka ɗaga geyin a hankali har lambar ta fito. Daga ranar, wancan kashi uku cikin huɗu shi ne iyakar muryarka.

LPF da HPF fa, ina zan ajiye su?

LPF na wufa ne, yana barin ƙasan sauti kaɗai ya wuce. HPF na lasifikokin ƙofa ne, yana tare musu bas mai nauyi da ke sa su kakkaɓi. Fara da 80 Hz a duka biyun. Ƙananan lasifikoki masu inci 4 a kai su 120. Tuwita, ƙaramar lasifikar siririn sauti, ba a haɗa ta kai tsaye da amfi sai ta bi ta akwatin rabon sautinta ko kafasita, in ba haka ba bas ɗaya ya ishe ta. Akwatin wufa mai rami yana buƙatar a kunna matatar da ke tare sautin can ƙasa (subsonic) a wajen 25 zuwa 30 Hz.

Na haɗa komai amma bas babu nauyi.

Duba fozitif da negatif. Idan lasifika ɗaya tana turawa ɗaya tana ja, suna cinye bas ɗin juna. Taɓa wayoyin da ƙaramin batir na tocila mai bolt 1.5: idan fatar lasifika ta yo waje, wayar da ke kan fozitif na batirin ita ce fozitif. Ban da tuwita a wannan gwaji. In wannan daidai ne, sai akwati. Wufa mai inci 12 takan so lita 28 zuwa 35 a rufaffen akwati, mai rami kuma wajen 50 zuwa 57, amma takardar wufar ita ce alƙali. Katakon ya kai milimita 18, a bi kowace kusurwa da gam kada iska ta tsira. MDF yana kumbura idan but yana yoyo da damina, falawud mai kyau ya fi shi jure laima.

Ina jin wani siririn kuka da ke ƙaruwa idan na taka totur.

Kukan altaneta ne ya samu hanyar shiga. Zare RCA daga amfi. Idan kukan yana nan, koma kan amsar wayar bodi, ko kuma amfin yana taɓa ƙarfen mota kai tsaye. Idan ya ɗauke, ja wata RCA ta saman kujeru don gwaji: in shiru, tsohuwar ce ta lalace ko ta bi kusa da wayar wuta. In bai daina ba, ƙara wa tef bodi mai kyau, ka cire cajar waya daga ramin laita, domin cajar araha tana kawo irin wannan. Geyin da ya yi yawa kuma yana ƙara fito da shi. Ƙaramin akwatin kashe kuka da ake sayarwa shi ne zaɓi na ƙarshe, yana rufe ciwo ne, wani lokaci har da rage bas.

Jar fitila ta kama, amfi ya yi shiru.

Kare kansa yake yi. Cire duk wayoyin lasifika da RCA ka kunna. Idan har yanzu ja ce alhali bolt 12 yana isowa, amfin ya ƙone a ciki, sai mai gyara. Idan ta koma kore, mayar da wayoyin ɗaya bayan ɗaya har ka kama mai laifin, sau da yawa waya ce da ƙofa ta matse ko kwayil da ya ƙone. Wanda yake mutuwa bayan rabin awa cikin cunkoson Circle da rana tsaka, zafi ne: om ya yi ƙasa, ko an kifa shi, ko an binne shi ƙarƙashin kafet, ko ƙurar hunturu ta toshe fankarsa. Wanda kuma yake ɗaukewa daidai lokacin da bas ya buga, wuta ce ba ta isa.

Fitilun mota suna lumshewa da kowane bugun bas. Kafasita zai magance?

Kafasita ba ya haifar da wuta, ajiyar ƙiftawa ɗaya yake yi. Auna tukuna: cikakken batir yana nuna 12.6 inji a kashe, 13.8 zuwa 14.4 inji yana aiki. Altanetar ƙananan motoci irin Picanto da i10 ba ta da yalwa, kuma fitilu, fanka da AC sun riga sun ci kasonsu. Mataki na farko shi ne ƙara waya mai kauri a wurare uku: altaneta zuwa fozitif na batir da fiyus ɗinta, negatif zuwa bodi, inji zuwa bodi. Idan amfi ya haura wat 1000, sai altaneta mafi ƙarfi. Batir na biyu yana amfanar mai kiɗa inji a kashe, amma ƙarin baki ne da altaneta za ta ciyar.

Tasi mai tukunyar gas, trotro da manyan motoci fa?

A tasin da aka sa wa tukunyar gas a but, kada fiyus ko bakin amfi su kasance kusa da bawul, kuma kada a huda inda bututun gas ya bi. Bayan kujerar baya ta cikin mota ya fi aminci, ko ƙarƙashin kujerar gaba, amma a ɗaga shi a kan katako saboda ruwan watan Yuni da ke shiga motoci a Kaneshie da Alajo. A trotro, inda lasifika shida ko takwas suke bin rufi, a haɗa su bibbiyu a kowane canel, om 2 in amfi yana ɗauka, kada a tara su duka a baki ɗaya. Manyan motoci masu bolt 24, wato masu batir biyu a jere, suna buƙatar na'urar saukar da wuta zuwa 12 mai ɗaukar amfiyar da aka lissafa. Jan wuta daga batir ɗaya cikin biyun yana sa ɗaya ya riƙa yunwa ɗaya ya ƙoshi fiye da kima, duka biyun su lalace da wuri.

Masu ɗora ƙaho a rufin mota don sanarwa ko talla su sani yawancinsa om 8 ko 16 ne kuma ba ya ɗaukar bas, saboda haka a kunna masa HPF a kai shi 300 Hz ko sama. Su kuma tuna da watan da masarautar Ga take hana kiɗa da hayaniya kafin bikin Homowo, wajen Mayu zuwa Yuni, lokacin da lasifikar waje takan jawo wa mai ita rigima a titi.